Makiyayar Sayyidina Umar da Filayen Dutse

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, Imamu Malik ya kawo wani labari can wajen ƙarshen Muwaɗɗa wanda ya kamata duk mai riƙe da ƙasar jama'a ya san shi. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya keɓe makiyaya domin dabbobin baitulmali, ya ɗora wani baransa mai suna Hunayyu a kanta. Ya umurce shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Sa'an nan ya ce ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya tsare garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usmanu ɗan Affan.

To, a duba su wane ne aka hana. Dukansu biyu suna cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, dukiyarsu kuwa halal ce. Hujjar Umar ita ce, in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino da za su koma gare su. Talaka fa? Shi sai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar shugaba yana kuka, kuma ba shi yiwuwa a kore shi. Ba shi ciyawa da ruwa ya fi sauƙi bisa ga ba shi zinariya da azurfa.

Mutumin Dutse ba ya bukatar a fassara masa zancen dabino. Ya san mai itatuwa talatin a garka ba ɗaya yake da wanda akuya uku ce iyakar abin da ya mallaka ba. Tun da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano a 1991, Dutse ta zama babban birni, ƙasa ta yi daraja. Gonar da dā ake aronta a kan damin gero yau fegi ce ta miliyoyin naira. Dokar ƙasa ta 1978 kuwa ta sanya filaye a hannun gwamna bisa amana domin jama'a duka. Kalmar amana ita ce abin lura a nan, domin attajiri yana da mai rubuta masa takarda da mai kai masa ita ofis, alhali manomin ƙauye sau da yawa shaidarsa ita ce maƙwabta da mai unguwa kawai. Haka nan burtali da mashaya: in mai hali ya kewaye su, Bafillatani ya rasa hanya, shanu su faɗa gonar wani talaka, matalauta biyu su kwana a gaban alƙali, wanda ya toshe hanyar yana gida.

Shari'a ba ta ƙi arziki ba, kada a fahimce mu a karkace. Amma Abu Dawuda ya ruwaito cewa Musulmi suna tarayya cikin ruwa da ciyawa da wuta, aya ta 188 ta Suratul Baƙara kuma ta hana a kai dukiya ga mahukunta domin a ci haƙƙin mutane. Saboda haka dagaci ko ma'aikacin filaye da aka kawo wa buƙatu biyu a kan fili ɗaya na jama'a, sai ya fara da tambayar da Umar ya yi: a cikin su biyun, wane ne yake da wurin komawa in an hana shi?