Sa'ad da Rafin Ya Ƙafe

Karatu: 1 Sarakuna, sura 17 zuwa 19. Maigida, ka tara iyalinka bayan tuwon dare, ka sa yaron da ya iya karatu ya karanta muku a hankali, kowa yana ji.

Mu mutanen ƙasar Dakoro ba sai an gaya mana abin da ake kira fari ba. Tsofaffinmu sun ga na 1973 da 1974, sa'ad da shanu suka zube a kwarin Tarka. Sun ga yunwar 1984, wadda ake kira El-Buhari, domin a shekarar nan ce Najeriya ta rufe iyakarta, hanyar hatsi da ta cin rani suka toshe. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta cinye abin da ya rage, sai ga shi a 2005 mata suna jiƙa dilo kwana da kwanaki domin ɗacinsa ya fita, uwaye suna ta kai yara masu tamowa wurin likitoci a Dakoro da Maraɗi. A 2010 dabbobi suka sāke mutuwa wajen Gadabeji.

A irin waɗannan shekaru tambaya guda takan hana mai bi barci. Yakan ce a ransa, ko Allah ya yashe ni ne? Wani ɗan'uwa ma yakan zo har zaure ya ce maka, ai don ka bar hanyar kakanninka ne rumbunka ya zama wofi. Domin wannan tambaya muke so mu duba Annabi Iliya.

A zamanin Iliya, sarki Ahab ya auri Yezebel, 'yar sarkin Sidon, ita kuwa ta kawo bautar Ba'al cikin Isra'ila. Masu bautar Ba'al suna cewa shi ne mai ba da ruwan sama. Sai Allah ya aiki Iliya ya sanar wa sarki za a rufe sama, ba ruwa, ba raɓa. Haka kuwa ya zama, shekara uku da wata shida, kamar yadda Yaƙub 5:17 ya nuna. Har sarki da kansa ya fita neman ciyawa domin dawakansa da alfadaransa, kamar makiyayi a ƙarshen bazara.

Allah ya ɓoye Iliya a bakin rafin Kerit, gabas da Urdun. Hankaki suna kawo masa abinci safe da maraice, yana shan ruwan rafin. Wannan wurin yara suna sonsa. Amma kai babba, ka tsaya a aya ta 7. Rafin ya ƙafe.

Ka yi tunani a kan wannan, ɗan'uwana. Iliya bai yi laifi ba. Bai gudu daga aikinsa ba. Yana zaune daidai inda Allah ya ajiye shi, duk da haka kowace safiya yana ganin ruwan yana raguwa, yau zuwa gwiwa, gobe zuwa idon sawu, jibi sai laka. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya a watan Afrilu, guga yana fitowa da taɓo, ya san abin da nake faɗa. Littafin bai ce rafin ya ƙafe domin Allah ya yi fushi da annabinsa ba. Dalilin da aka ba mu guda ɗaya ne, wato ba a yi ruwa a ƙasar ba. Farin da ya ci gonar mai bautar Ba'al shi ne ya shanye rafin bawan Allah. Saboda haka kada ka auna ƙaunar Allah da yawan damman da ke rumbunka. Maganar Ubangiji kuma ba ta zo wa Iliya ba sai da ruwan ya ƙare sarai.

To, ina aka aike shi? Zarefat, a ƙasar Sidon, wato ƙasar Yezebel kanta, wurin wata gwauruwa wadda ba Ba'isra'iliya ba ce. Ya iske ta tana tsintar itace. Abin da ya rage mata ɗan gari ne a tukunya da ɗan mai a tulu, tana shirin dafa na ƙarshe, ita da ɗanta su ci su jira mutuwa. Ta ba baƙon tukuna. Daga ranan nan garin bai ƙare ba, man kuma bai kāsa ba, har ruwa ya sauko.

Uwargida, wannan naki ne. Ba a ce tukunyar ta cika ta tumbatsa ba. Ba a ce an jibge mata buhuna a ƙofar ɗaki ba. Kullum ta sa hannu sai ta sami na yini. Mu dai mun fi so mu ga na shekara a rumbu kafin hankalinmu ya kwanta, amma sau da yawa tiya tiya Allah yake aunawa. Ga kuma wani abu. Taimakon annabin ya fito daga hannun wadda ba ta cikin jama'arsa, albarkar kuma ta sauka a gidanta. Yesu ma ya tuna da matan nan a Luka sura 4. Idan maƙwabcinka Musulmi, ko Bafillace, ko Buzu ya miƙo maka ƙwaryar hatsi, karɓa da godiya ga Allah. Idan kai ne mai ɗan saura, kada ka tambayi addinin mai jin yunwa kafin ka buɗe tukunya.

Ba zan yi maka alkawarin da Allah bai yi ba. Ɗan gwauruwar ya mutu, Allah ya tashe shi ta wurin addu'ar Iliya. Amma yara da yawa da aka binne a 2005 ba su tashi ba, waɗansu kuwa 'ya'yan masu bi ne. Tashinsu yana nan gaba, ranar da Almasihu zai komo. Kafin ranan nan, abin da Iliya ya tsawata wa jama'a a kai a Dutsen Karmel shi ne raba zuciya biyu, ƙafa ɗaya wurin Ubangiji, ɗaya wurin Ba'al. Ba'al na wurinmu sananne ne: boka mai karɓar akuyar ƙarshe, da layar da ake binnewa a kusurwar gona, da yankan da ake yi wa iskoki in ruwa ya yi jinkiri. Annabawan Ba'al 450 sun yi ta kira tun safe har yamma, ba wanda ya amsa.

Watakila kana cewa, ai shi annabi ne, ni kuwa na gaji. Karanta sura 19. Bayan wuta ta sauko, bayan ruwa ya zuba, Yezebel ta aika masa da saƙon kisa, sai babban annabin nan ya gudu jeji, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Allah bai yi masa faɗa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa, har sau biyu. Dattawan ikkilisiya, mu koyi wannan. Wanda yunwa da baƙin ciki suka kayar, a fara kai masa fura, wa'azi ya biyo baya.

A Dutsen Horeb Iliya ya yi kuka, ya ce shi kaɗai ya rage. Mai bi da yake zaune shi ɗaya a ƙauye, majami'a tana nesa da tafiyar yini, ya san wannan kuka. Allah ya gaya masa akwai mutum 7,000 a Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba, sa'an nan ya ce masa ya tashi ya koma bakin aiki. Iliya ya koma. A hanya ya iske Elisha a gona yana huɗa, shanun noma bibbiyu har 12 suna gabansa, a ƙasar nan da ta yi shekara uku da rabi ba ta ga ruwa ba.