Mota da Kwamfuta: Wacce Ta Fi Aminci?

Mota a hankali take lalacewa: taya ta suɗe, birki ya cinye, inji ya soma hayaƙi. Galibi takan yi gargaɗi kafin ta tsaya, kuma tayar safaya kan fitar da direba kunya, domin ba ta taka ƙusar da ’yar’uwarta ta taka ba.

Manhajar kwamfuta kuwa ba ta cinyewa. Kuskurenta yana ciki tun ranar da aka rubuta ta, tamkar cutar gado, yana jiran ranarsa. A 1996 rokar Turai, Ariane 5, ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta, saboda wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata. An tanadi kwamfutar ko-ta-kwana, amma manhajarsu ɗaya ce, har ita ce ma ta riga tsayawa.