Babbar Majami'ar Dakar

A Dakar, ƙasar Senegal, akwai babbar majami'ar Katolika. An sa harsashinta a 1923, aka keɓe ta a 1936. Hasumiyoyinta biyu sun ɗauko fasalin ginin ƙasar Mali, ƙubbarta kuwa irin ta tsohuwar Istambul ce.

Faransawa sun gina ta domin tunawa da mutanensu da suka mutu a Afirka, haka kuwa suka rubuta bisa ƙofa. Bayan samun mulkin kai aka sake rubutun, aka sa sunan Maryamu da na Yesu Mai Ceto. A 1962 ɗan ƙasa, Hyacinthe Thiandoum, ya zama babban bishop na Dakar.

Mu ma mun gaji majami'u daga hannun baƙi. To, sunan wa muke ɗaukakawa a cikinsu?