Darasin Kimiyya: Yadda Ƙara Ke Tafiya

'Yan'uwa ɗalibai, darasinmu na wannan wata a kan ƙara ne. Kowace ƙara da kunne ke ji, wani abu ne ya yi karkarwa.

Ku lura da mai kalangu idan yana yi wa mahauta kiɗa a kasuwa, ko a gidan biki a Tudun Wadan Zariya. In ya buga, fatar kalangun takan yi ta karkarwa da sauri, fiye da yadda ido zai gani. In ya matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗame, karkarwar ta ƙara sauri, sai muryar kalangun ta yi sama. In ya sassauta, sai ta yi ƙasa. Da haka yake sa kalangu magana. Kai ma ɗora yatsa a maƙogwaronka ka ce "aaa", za ka ji motsin.

To, ta yaya ƙarar ke isowa kunne? Jefa tsakuwa a kududdufi. Za ka ga igiyar ruwa tana bazuwa a kewaye. Amma ɓawon gyaɗa da ke kan ruwan, sama da ƙasa kawai yake yi, ba ya bin ta zuwa gaɓa. Motsi ne ke tafiya, ruwa yana wurinsa. Haka fatar kalangu ke ture iskar da ke kusa da ita, wannan ta ture ta gaba, har motsin ya taɓa dodon kunne.

Wannan tafiya tana cin lokaci. Shi ya sa in ka hango mace tana daka daga nesa, sai taɓarya ta sauka kafin ka ji ƙararta. Ƙara tana cin kamar mita 340 a daƙiƙa 1, wato kilomita 1 a daƙiƙa 3. Haske kuwa nan take yake isowa.

Manoma, ga inda abin ya shafe ku. Walƙiya da tsawa tare suke tashi, tsawar ce ke makara a hanya. In ka ga walƙiya kana gona, fara ƙirga a hankali har ka ji tsawa. Ka raba abin da ka samu da 3. In ka ƙirga 15, kilomita 5 ke nan tsakaninku. In bai kai 30 ba, aradu na iya kaiwa inda kake. Ajiye fartanya ka nufi gida, ka shiga ɗaki. Kada ka ce bari in ƙarasa kunya ɗaya. Kada ka fake a gindin itace, ko da kuwa kuka ce, kuma ka fita daga rafi.

Aikin gida: Ka ga walƙiya, ka ƙirga 9 sannan ka ji tsawa. Kilomita nawa ne tsakaninku? Rubuta amsa ka nuna wa malamin ajinku.