Wayar ofishinka ta san inda take kwana?

Sana'ata haɗa wa ƙananan kamfanoni layukan waya a Washington da kewayenta, daga Silver Spring har Alexandria. Masu kirana abu biyu suke tambaya: nawa ne a wata, kuma murya za ta fita tangaran? Ban taɓa gamuwa da wanda ya fara da tambayar inda motar asibiti za ta nufa in an buga 911 ba. Ni kuwa daga nan nake farawa, saboda abin da na gani a 2020.

Wata Hajiya ce mai kamfanin tura masu kula da tsofaffi gida-gida, ofishinta a cikin birnin Washington. Da korona ta rufe gari, sai ta ce kowane ma'aikaci ya ɗauki wayar teburinsa ya tafi da ita gida. Wayar intanet ce, duk inda aka jona ta za ta yi ƙara da lambarta ta 202. Bayan wata uku na je gidan akawunta a Hyattsville, jihar Maryland, don wani ɗan gyara. Kafin in fito na buga 933, lambar gwaji da kamfanonin waya da yawa suke bayarwa, wadda ke karanto maka adireshin da masu amsa kiran gaggawa za su gani. Sai na ji adireshin ofis, hawa na huɗu, a Washington. Akawun nan kuwa, baiwar Allah, tare take zaune da mahaifiyarta mai ciwon zuciya.

Na kira Hajiya na faɗa mata. Ta ce, "Injiniya, ai waya tana aiki." Na ce, "Tana aiki, ranki ya daɗe, amma a saninta har yau tana ofis."

Tsohuwar wayar girke igiyarta a gida ɗaya take ƙarewa, don haka lambarta ita ce adireshinta. Wayar intanet ba ta san komai ba sai abin da wani ya rubuta mata ranar da aka kafa ta. Da akawun nan ta buga 911, cibiyar Washington ce za ta amsa, sai an tambaye ta sannan a miƙa ta ga gundumar Prince George's, inda Hyattsville take. In ta kasa magana, a ƙofar ofishin da ke kulle za a yi ta bugu. A yankin nan abin ya fi muni, domin tafiyar minti ashirin za ta ratsa da kai hukumomi uku, Washington da Maryland da Virginia, kuma gundumomin Montgomery da Fairfax da Arlington kowace da cibiyarta. Cikin birnin ma an raba shi huɗu: NW, NE, SW, SE. Lamba ɗaya da sunan titi ɗaya sukan maimaitu a ɓangarori daban-daban, haruffa biyun nan ne kaɗai bambanci, kuma su ne aka fi mantawa wajen cike fom.

Doka ta shigo maganar ne bayan an yi rashi. A Disambar 2013 aka kashe Kari Hunt a ɗakin wani otal a Marshall, jihar Texas. 'Yarta mai shekara tara ta buga 911 sau huɗu bai shiga ba, domin wayar otal ɗin sai an fara danna 9. Mahaifin marigayiyar ya yi ta fafutuka har aka sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunanta a Fabrairun 2018. Duk tsarin wayar ofis da aka kafa bayan 16 ga Fabrairun 2020 dole 911 ya shiga kai tsaye, kuma a sanar da wani a kamfanin cewa an buga. Hukumar sadarwa ta FCC, da ke nan Washington, ta ƙara da cewa kiran ya tafi da adireshin da za a iya samun mutum, har da hawa ko ɗaki. Wayoyin da ba sa motsi sun shiga ƙa'idar a Janairun 2021, masu yawo kamar manhajar kira a kwamfuta a Janairun 2022. Sai dai doka ba ta bin ma'aikaci ranar da ya sauya gida. Shi ya sa nake sa sabunta adireshin waya cikin takardar da ake cikewa duk lokacin da wani ya tashi.

Sai maganar wuta. Mu da muka tashi da NEPA mun fi Amurkawa shiri a nan, don su sun ɗauka wuta kamar iska ce. Tsohon layi daga ofishin kamfanin waya yake samun wutarsa, ko gari ya yi duhu yana aiki. Wayar intanet kuwa da wutar gidanka take rayuwa, ita da na'urar da ke kawo intanet ɗin. Wanda yake nan daren 29 ga Yunin 2012 ya san abin da nake nufi. Ranar zafi ya kai digiri 40, da dare guguwa ta taso daga yamma ta kayar da bishiyoyi, wasu unguwanni suka yi kusan mako babu wuta. Janaretocin wasu ofisoshin kamfanin waya a Arlington da Fairfax suka ƙi tashi, 911 ya mutu a arewacin Virginia. Rahoton FCC ya ce cibiyoyi 17 a jihohi uku sun tsaya cak, abin da ya shafi mutum sama da miliyan biyu.

Don haka kowane ƙaramin ofis nakan sa masa batirin UPS, in jona masa na'urar intanet da wayar kaɗai. Kada a haɗa da firinta, balle hita, yanzu za su shanye shi. Nakan ƙara hanya ta biyu ta layin salula, daga kamfanin da ba shi ne mai intanet ɗin ba, sannan in saita tun yau lambar da kira zai koma in ofis ya ɓace. Salular ma ba tabbas ba ce: ranar 22 ga Fabrairun 2024 layin AT&T ya tsaya na sa'o'i, FCC ta ƙirga kiran 911 sama da 25,000 da bai shiga ba. Abu mafi arha da nake bari shi ne takarda a jikin bango kusa da waya, da cikakken adireshin wurin da manyan baƙaƙe, domin mai firgici yakan manta lambar gidansa.

Gwaji da 933 ake yi, ba a buga 911 don a ji ko yana aiki. A kamfanin Hajiya sau biyu muke yi a shekara, a Maris da Nuwamba, makon da ake sauya agogo. Kowa ya buga, ya turo min adireshin da ya ji, sannan ya zare filogi daga bango mu ga minti nawa batir zai riƙe. A gwajin da ya wuce mutum ɗaya ta koma Laurel ba ta faɗa ba, batiri biyu kuma ba su kai minti biyar ba.