Idan yaro ya kawo aikin gida, a bar biro a hannunsa

Wata uwa daga unguwar Mabera a Sakkwato ta kawo mini kuka. Ɗanta yana aji biyu na babbar sakandare, aikin gidansa na lissafi da kemistiri kullum maki cikakke yake samu, amma da aka yi jarrabawar zango sai ya faɗi warwas.

Hajiya, ki duba wayar da ke hannunsa, ki kuma duba yayansa mai tausayi. Yaro ya ɗauki hoton tambaya, manhaja ta zubo amsa, ko yayan ya warware masa, ya kwafe. Littafi ya cika, kai kuwa wayam. Ranar WAEC ko NECO babu waya, babu yaya.

Abin da nake gaya wa duk mai taimaka wa ɗalibi shi ne kada ya karɓi biron. Sa yaron ya karanta tambayar, ya faɗe ta da Hausa, ya nuna layin da ya maƙale. Sau da yawa Turancin tambayar ne ke kayar da yaro tun kafin ya kai ga lissafin.

Aljabara ba baƙuwa ba ce a Sakkwato, kuma yana mini ciwo yadda yaranmu ke kallon ta kamar kayan Turawa. Sunan ya fito ne daga littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma kaso mai yawa na littafin a kan gado da wasiyya yake. To, a fara daga nan. Mutum ya rasu ya bar naira 240,000, da mata ɗaya, ɗa ɗaya da 'ya ɗaya. Matar ta ɗauki tumuni, wato 30,000, saura 210,000. Kira rabon 'ya x, na ɗa 2x. Ke nan 3x = 210,000, 'ya ta samu 70,000, ɗa 140,000. Yaron da ya warware wannan ya yi aljabara. Daga nan a nuna masa cewa alamar daidai sikeli ce: abin da aka cire a wannan hannu, dole a cire a wancan. Haddar "idan ta tsallaka sai alama ta canza" ba tare da sanin dalili ba, ita ke rikita shi da zarar tambaya ta sauya kama.

Kemistiri ma sikelin ne. A masana'antar siminti ta Kalambaina ana gasa dutsen farar ƙasa, CaCO₃, ya rabu zuwa CaO da iskar CO₂. Giram 100 na dutsen yana ba da giram 56 na CaO da giram 44 na iskar. Sa yaro ya ƙirga ƙwayoyin zarra na kowane ɓangare da kansa, ya ga babu wadda ta ɓata. Idan ɓangarorin biyu ba su daidaita ba, lambar gaban sinadari ake gyarawa, ƙaramar lambar ƙasa ba a taɓa ta.

Kalkulas fa? Ɗaliban shekarar farko a Jami'ar Usmanu Danfodiyo suna tsoron sa, amma idan ka bi takardar wanda ya faɗi, galibi a buɗe baka kamar (x + h)² ya yi tuntuɓe. A koma a gyara aljabarar tukuna.

Ban ce a ƙwace wayar ba. Yaro ya gwada da kansa na minti goma sha biyar, sannan ya duba hanyar da manhaja ta bi, ya kife wayar, ya sake aikin a sabuwar takarda. Washegari a ba shi irin tambayar da wasu lambobi daban.

Ke kuma, Hajiya, ko ba ki taɓa zama ajin kemistiri ba, kina da rawar takawa. Bayan sallar isha'i ki zaunar da shi, ki ce ya koya miki tambaya ɗaya. Inda bakinsa ya tsaya, ki sa ya yi wa wurin alama ya kai wa malaminsa da safe.