Ƙwallon Kwando na Maza da na Mata

Wata rana na je duba wata makaranta, sai na tarar gardama ta sarƙe tsakanin 'yan aji shida a gindin darbejiya. Yara maza suna cewa ƙwallon kwando na mata ba gasa ba ce, wasa ne kurum. 'Yan mata kuwa suka ƙi yarda. Malaminsu ya roƙe ni in raba gardama. Na ce to, amma alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji tushen magana. Ga abin da na gaya musu.

A shekarar 1891 wani malami mai suna James Naismith ya ƙago wannan wasa a garin Springfield na ƙasar Amurka. Lokacin hunturu ne, sanyi ya hana samari fita fili. Sai ya samo kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace, ya kafa su a bisa, tsayin ƙafa 10 daga ƙasa, ya ce kowane ɓangare ya yi ƙoƙarin jefa ƙwallo cikin kwando. Daga nan wasan ya sami sunansa.

Ba a yi shekara guda ba mata suka shiga. A 1892 wata malama, Senda Berenson, ta koya wa ɗalibanta na kwalejin 'yan mata ta Smith. Amma mutanen zamanin nan suna tsammani gudu da yawa yana cutar da mace. Saboda haka aka raba fili kashi uku, kowace yarinya ta tsaya a nata kashi, ba ta ƙetare layi. Aka hana ta fizge ƙwallo daga hannun abokiyar karawa, aka hana ta buga shi a ƙasa fiye da sau uku. Ku duba fa, kamar a ɗaure wa doki ƙafa ne, sa'an nan a ce ba ya iya sukuwa. Sai a 1971 aka daidaita ƙa'idar mata a Amurka, su ma suka koma biyar da biyar, suna zaga fili duka kamar maza. Haka kuma a wasannin Olamfik, maza sun fara a 1936, mata kuwa sai a 1976. Ku lissafa shekarun da ke tsakani.

Yanzu kwando ɗaya ne ga kowa, tsayinsa ƙafa 10 kamar yadda Naismith ya kafa shi. Ƙwallon mata ya gaza na maza kaɗan, kewayensa ya kasa da misalin inci ɗaya. A nan yara maza suna da gaskiya a kan abu guda: galibin maza sun fi mata tsawo da ƙarfin tsalle. Sau da yawa namiji yakan yi tsalle ya danna ƙwallo cikin kwando da hannunsa. Mata ba su cika yin haka ba, har ma da Lisa Leslie ta yi shi a 2002 cikin babbar gasar mata ta Amurka, aka yi ta ba da labari, gama ita ce ta fari. Mata sun fi dogara ga miƙa wa juna ƙwallo da kyau da iya saiti daga nesa.

Amma tsawo da ƙarfi ba su ne zafin gasa ba. In an kai ku dandalin kokawa, wace karawa ce takan sa ku tashi tsaye? Ba wadda ƙato ya kā da ƙaramin yaro nan take ba, sai wadda gwanaye biyu suka riƙe juna, ba wanda ya san mai faɗuwa. Watau gasa takan yi zafi ne idan masu karawa tsarar juna ne. To, da wannan mudu ya kamata mu auna, maza da maza, mata da mata.

In muka auna haka, lalle maza sun daɗe da samun gwanaye a ƙasashe da yawa. Amurka ce gidan wasan, duk da haka Ajantina ce ta ci zinariyar Olamfik a 2004, Amurka ta zo ta uku. A gasar cin kofin duniya kuma Sifen ta ci a 2019, Jamus ta ci a 2023. Wajen mata kuwa abin ya daɗe a hannu ɗaya. Matan Amurka sun ci zinariyar Olamfik sau 8 a jere, daga 1996 har 2024. Wata jami'a ta can, Connecticut, matanta sun ci wasa 111 a jere tsakanin 2014 da 2017. Wannan bajinta ce, amma mai kallo ba ya jin daɗi sosai in ya riga ya san wanda zai ci. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Inda ba a ba yarinya fili da ƙwallo da mai koyarwa tun tana ƙarama ba, daga ina gwanaye za su fito?

Sai dai abin yana sakewa. A birnin Faris, a 2024, Amurka da Faransa ne suka kara a wasan ƙarshe, na maza da na mata duka. Mazan Amurka sun ci 98 da 87. Na mata kuwa ya tashi 67 da 66. Ku tuna, jifa daga bayan babban layi maki 3 ne, daga cikinsa maki 2. Saura ƙiftawar ido a tashi, Faransa tana baya da maki 3, sai Gabby Williams ta jefa, ƙwallo ya shiga. Ashe ba ta kai bayan layi ba, maki 2 aka ba ta. Na tambayi yaran, "A cikin wasannin nan biyu, wanne ya fi sa zuciya bugawa?" Ba wanda ya ce na maza.

Mu dawo gida. Ƙungiyar mazan Nijeriya, D'Tigers, ta ci kofin Afirka a 2015. Ta mata, D'Tigress, ta ci a 2003 da 2005, sa'an nan ta ci sau 5 a jere daga 2017 zuwa 2025. A Olamfik na 2024, ƙarƙashin mai koyar da su Rena Wakama, suka doke Ostireliya 75 da 62, suka doke Kanada 79 da 70, suka shiga cikin ƙasashe takwas na ƙarshe. Kafin su, babu wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa kai wannan matsayi.

Da na gama, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai duk da haka mu za mu ci su." Wata yarinya ta ce, "Yaya za a sani, tun da ku kaɗai kuke riƙe da fili kullum?" Malamin ya duba jadawalin wasanni, ya ga lalle babu ranar 'yan mata a ciki. Kafin in hau kekena ya riga ya rubuta musu Talata da Alhamis.